Hayaƙin da Muka Yi wa Isiyaku

Makon jiya aka kai ni in ga ɗakin da aka kama wa jikata a Mararaba, ita da wata ƙawarta, don sun sami kwaleji. Ɗaki tsaf, ga tayil ga fenti. Taga ɗaya ce tak, ita ma an buge ta da ƙusa saboda ɓarayi. Tukunyar gas na gindin katifa, janareton maƙwabta na ta ruri a lungun da ke bakin ƙofa. Na tsaya a tsakar ɗakin na ce ko a zare ƙusar nan yanzu ina kallo, ko yarinyar nan ta bi ni gida. Ubanta ya ce, "Haba Baba, kai komai sai ka tayar da hankalin mutane." Ina ganinsu suna ƙifta wa juna ido, wai tsufa ne. To, na ji, tsufan ne. Amma an zare ƙusar. Da na dawo gida sai na ga gara in zauna in rubuta abin da ban taɓa faɗa wa ko uwar 'ya'yana ba, tun ina da sauran hankalin rubutawa.

A lokacin da nake magana a kai, in an ce Abuja garin da yanzu kuke kira Suleja ake nufi. Duk inda benayen Abujar yau suke, gonakin doya ne da daji. Muna ajin ƙarshe a kwalejin horar da malamai, sai aka rarraba mu ƙauyuka mu yi gwajin koyarwa na zango guda. Ni Habu da abokina Isiyaku aka tura mu Jiwa.

Sai na tsaya na faɗi ko wane ne Isiyaku, don wanda ya san shi daga baya ba zai yarda ba. Shi ne na ɗaya a ajinmu tun daga shekarar farko. In ya karanta shafi sau ɗaya, ya zauna masa. Rubutunsa a allo kamar an buga da inji. Shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin mahaifiyarsa, Inna Mairo, uban kuma ya rasu tun yana ƙarami. Ni kuwa ɗan ƙwallo ne, da ƙyar nake tsallake jarrabawa, rabin abin da na sani a bakinsa na ji. Kan nan nasa shi ne duk abin da shi da Inna suka mallaka.

Wani dattijo, Baba Dogara, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya sauke mu. Ya ba mu ɗakin da ya fi kowane ɗaki kyau a unguwar: rufin kwano, da silin, da daɓen siminti, bango shafe da siminti ciki da waje, ƙofa da taga na katako waɗanda kafintan birni ya yi su suka zauna daram. Ɗansa ya gina wa, wanda ya shiga soja bai dawo ba. Ya buɗe mana yana ta alfahari, da irin Hausarsa: "Malam, ɗakin nan tana da kyau. Ruwa ba ya shiga, sauro ba ya shiga. Kamar na Bature." Mu kuma muka yi ta washe baki. Mu biyun duk a ɗakin jinka aka haife mu. A ɗakunan iyayenmu mata wuta kan wuni ta kwana lokacin sanyi, hayaƙi ya bi ta cikin ciyawa ya fice, ba wanda ya taɓa ko ciwon kai. Abin da muka sani game da wuta a ɗaki ke nan.

Marka muka tarar. Ruwa ba ya tsayawa, in ya ɗauke da hantsi ya dawo da azahar. Dokar kwaleji kuwa, ɗalibi ba ya shiga aji sai da farar riga da farin wando, da sitaci da guga, kuma malaman da ke duba mu ba sa faɗin ranar zuwansu. Kaya bibbiyu muke da su. Ka wanke yau, jibi ma da danshi. Sai muka ɗaura igiya daga bango zuwa bango, muka sayi kurfoti, muna cika shi da gawayi muna ajiyewa a ƙarƙashin shanyar. Da wayonmu fa muke yi. Ba ma shigo da shi sai ya gama hayaƙi a waje ya yi jajir, don kada farin kaya su yi baƙi. Ni da hannuna na bi duk wata kafa ta taga na cusa tsohuwar jarida, na naɗe tsumma na toshe ƙarƙashin ƙofa saboda feshin ruwa da sauro. Ɗaki ya yi ɗumi, kaya na bushewa, garwashin guga na nan ko da yaushe. Har sauran malaman makarantar muke wa gori.

A makon farko ciwon kai ne kawai. Ni nawa kan sake ni da na fita filin motsa jiki da yara, don haka ban ɗauke shi komai ba. Da an tashi daga makaranta nakan wuce zauren unguwa wurin 'yan dara, ba na komawa sai yunwa ta koro ni. Isiyaku kuwa daga aji sai ɗaki. Ya rufo ƙofa, ya jawo tebur kusa da kurfoti, ya yi ta tsara darasin gobe. In na dawo sai in tarar da shi ya dafe goshi.

"Habu, kamar an ɗaure min kai da igiya ana ja."

Na ce, "Karatun ne ya yi maka yawa. Ka rage mana mu ma mu samu."

Mako na biyu ya fara amai, da jiri, ƙafafunsa suka yi sanyi, in ya tashi sai ya dafa bango. A makon ne kuma muka fara tsintar tsaka a mace a ƙasa. Ba a kashe su ba, ba rauni, suna kwance ciki a sama. Ranar farko biyu, kashegari uku, rannan har da ɓera a bayan akwatina, ya miƙe kamar mai barci. Na lura ko sauro ba ya kuka a ɗakin. Duk gidan kana jin kaji da awaki da yara, amma da ka shiga ka rufo ƙofa sai ka ji shiru mai nauyi, kunnenka na ɗan ƙara, zuciyarka na bugawa kamar ka yi gudu.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari. Rannan ruwa ya tare ta a gidan, Isiyaku ya ce ta shigo ta fake. Ta sauke ƙwaryarta ta zauna a bakin gado. Ba ta daɗe ba na ga ta fara lumshe ido, sai ta zabura ta suri ƙwarya ta fita cikin ruwan. Daga tsakar gida ta juyo ta ce, "Ɗakin nan akwai abu a ciki. Ya zauna min a ƙirji." Ba ta ƙara tako ƙofarmu ba. Kafin la'asar duk unguwa ta ji.

Ranar kasuwa na ɗora shi a bayan kekena har bakin titi, muka sami motar doya zuwa Abuja. Muka yanki kati muka bi layi tun hantsi. Mata da jarirai, tsofaffi kwance a baranda, wani da sara a ƙafa ƙuda na bin sa. Abin da ya ɗaure min kai, muna zaune a kan bencin nan iska na kaɗa mu, sai na ga Isiyaku na dawowa. Ya ce yunwa yake ji. Na sayo masa ƙosai ya cinye, har ya fara gyara wa wani mutum Turancin da ke jikin katinsa. Kafin layi ya zo kanmu bayan azahar, garau yake. Malamin asibitin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ne marar lafiyar? Ko dai aikin ne ba kwa so?" Ya rubuta maganin zazzaɓi ya kira na gaba. Ban ga laifinsa sosai ba, mutum fiye da ɗari ke bayanmu. Amma da ya yi mana tambaya ɗaya tak a kan inda muke kwana, da ba wannan labarin nake rubutawa ba.

Kwana biyu da komawarmu ciwo ya dawo, ya fi na da. A nan ne maganar mutane ta zauna: a waje lafiya, a ɗaki ciwo, ai ba sai an yi duba ba.

A mako na uku ya tsaya a gaban 'yan aji biyar zai koyar da lissafi, ya ɗaga alli, ya tsaya. Ina leƙe ta taga. Ya daɗe a haka yara na kallonsa, sannan ya juyo ya tambaye su wane darasi ake yi. Isiyaku fa! Da muka koma gida ya zauna ya yi kuka, ya ce, "Habu, abubuwa na zubewa daga kaina. Ina jin suna zubewa." Wannan maganar ta fi amai da jirin tayar min da hankali.

Wata Asabar da rana tsaka, ruwa ya hana ni fita, muna zaune mu biyu ƙofa a rufe, kaya na ɗiga a kan igiya. Sai ya ce min a hankali, ba tare da ya ɗago ba, "Kada ka juya da sauri. Yana bayan fararen kayan." Na juya. Wallahi tallahi na gan shi. Mutum a tsaye a kusurwa, dogo, ba fuska, kafaɗunsa na motsi kamar mai numfashi da ƙyar. Na so in tashi, ƙafafuna suka ƙi. Na so in yi addu'a, na nemi farkon Ayatul Kursiyyu a kaina na rasa. Da rarrafe na kai ƙofa. Ina faɗa wa masu karatun zamani wannan don kada su ce ƙauyanci ne ya ci mu. Ni na ga abin da idona, kuma yau na san babu kowa a kusurwar nan.

Da Baba Dogara ya ji, ya zauna a kan turmi ya riƙe kai. "Yarona ne," in ji shi. "Ba a binne shi a gida ba. Ta dawo ɗakinta." Ya yanka baƙin zakara a ƙofar ɗakin. Limamin unguwa ya ba mu rubutu. Matar hedimasta, mai zuwa coci, ta zo ta yi addu'a ta yayyafa ruwa. Wani ya ce a binne ƙarfe a bakin ƙofa, wani ya ce gishiri. Duk mun yi. Ba wanda ya dubi kurfoti, don ba abin da yake yi sai ɗumi, ko wari ba ya yi. Baba Dogara ya ce mu koma bukkar da yake ajiye dawa. Isiyaku ya ƙi. Bukkar na yoyo, littattafansa za su jiƙe, kuma yaya malamin makaranta zai tsaya gaban yara an san aljani ya kore shi daga ɗaki? Ni ma na goyi bayansa, don girman kai. Sai na rubuta wa Inna Mairo wasiƙa na ba direban motar doya.

Ranar Juma'a ta mako na huɗu ta iso, da ƙullin kaya a ka, zanenta jiƙe sharkaf. 'Yar ƙaramar mace ce mai kaifin murya. Ta dubi ɗanta, ta dube ni.

"Habu, haka ka bar min shi ya koma?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce ba komai, ta zo da magani. Kafin ta taso ta je wurin wani mai magani a garinsu, ya haɗa mata hayaƙi, ya kuma gaya mata yadda za a yi dalla-dalla. Ta ce gudu ba shi da amfani, aljanun sun riga sun shiga jikinsa, duk inda ya je za su bi shi. A ɗakin da suka kama shi, a nan za a fitar da su.

Kashegari da hantsi aka yi. Rana ta ɗan fito, kaji na kiwo a tsakar gida, matan gidan na daka. Inna ta sa na cika kurfoti da gawayi, ta aro kasko biyu su ma aka cika. Ta bi jaridun da na cusa a taga ta ƙara danna su, ta ce na kyauta, haka ake so, kada maganin ya tsere. Ta zaunar da Isiyaku a tabarma a tsakiyar wutar uku, ta barbaɗa sassaƙe da garin ganye, ta lulluɓe shi da bargo. Muka fito. Ƙofar ba ta da sakata ta waje sai zoben kwaɗo, kwaɗon kuma ya ɓata tun zuwanmu. Ta ce in riƙe zoben.

"Ka saurare ni da kyau, ɗan nan. Mai maganin ya ce za su buga ƙofa. Za su yi magana da muryarsa. Za su kira sunan wanda ya fi yarda da shi. Kada ka saki sai sun yi shiru. In ka buɗe kafin nan, kai ka kashe min ɗa."

Na riƙe da hannu biyu, na tokare ƙafa a dokin ƙofa.

Da farko tari muka ji. Can sai aka taɓa ƙofar a hankali.

"Habu. Buɗe, ba na jin daɗi."

Inna ta girgiza min kai. Tana tsaye a gefena tana jan carbi, hawaye na zuba.

"Habu, don Allah. Ni ne. Wallahi ni ne."

Aka ja ƙofar daga ciki. Ba ƙarfi a jan, yaro ma ya fi haka. Ni kuwa ɗan ƙwallo, ƙarfina ɗaya na sa. Matan gidan suka bar daka suka taru a bayanmu, wata na cewa, "Ka ji shi ko? Ka ji yadda ya iya muryar malam?" Ya kira Inna sau biyu. Ya koma kirana. Daga nan maganar ta daina fita daidai, sai wani gunji, sai ƙarar farce a jikin katako, ƙasa-ƙasa, daidai gwiwata. Sannan shiru.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Sun fita." Ta ce a ɗan ƙara jira don a tabbata. Muka ƙara jira.

Da na tura ƙofar ta ƙi buɗuwa duka, don yana kwance a bayanta. Na sa kafaɗa. Zafi ya buge ni, kaina ya sara nan take. Na kamo shi ta hammata na jawo shi tsakar gida. Ya yi fitsari a wando, idanunsa a buɗe ba sa kallon komai, leɓensa ja kamar ya ci goro. Inna ta ce, "Ka ga har jini ya dawo masa." Ta kira shi, ta girgiza shi, ta zuba masa ruwa. Sai ta kurma wani ihu da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi.

A kan ƙyauren bukkar dawa muka ɗauke shi, mu huɗu, cikin taɓo har bakin titi. Allah ya saka wa direban da ya tsaya da alheri, ban san sunansa ba. Ya sauke buhunan mutane ya shimfiɗa shi, ya ƙi karɓar ko kwabo. Muka wuce gindin Dutsen Zuma hadari ya rufe kansa, Inna na rungume da ƙafafun ɗanta ba ta ko ɗaga ido ba.

Wannan karon ba mu bi layi ba. Wata nas, babbar mace mai faɗa, ta ga yadda muka shigo ta ture kowa. Aka sa masa abin shaƙar iska daga wata doguwar tukunyar ƙarfe, ita kaɗai ce a asibitin, an ɗauko ta daga ɗakin tiyata. Likitan ɗan Indiya ne. Ya kira ni gefe ya ce in faɗa masa komai, kada in ji kunya. Na fara da aljanu, ya ɗaga hannu.

"Me kuke ƙonawa a ɗakin?"

Na ce gawayi ne kawai, kuma ba ya hayaƙi.

"Taga a buɗe?"

Na girgiza kai. Ya tambayi ko wani abu na mutuwa a ɗakin, na ba shi labarin tsaka da ɓera, ya tambayi ko ni ma kaina na ciwo, ko a waje yana sauƙi. Sannan ya faɗi sunan abin, kabon monoksaid, ya sa na maimaita har sau uku kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce guba ce da garwashi ke fitarwa, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa hawaye. Ta fi yawa a lokacin da wuta ta yi kyau ta daina hayaƙi a ɗakin da ba mafita. Tana sa mutum ya ga abin da babu, ya ji abin da babu, ta kashe masa ƙafafu kafin ya yi tunanin gudu. Ya ce, "Wa ya fito da shi?" Na ce ni. Ya dafa kafaɗata ya ce na ceci ransa. Ban gaya masa sauran ba. Haka labarin ya koma Jiwa, haka ya koma kwaleji: Habu ne ya kutsa ya jawo abokinsa. Har shugaban kwaleji ya yaba min a gaban taro, na tsaya na karɓa.

Shekara biyar muna kwalejin nan. An koya mana tsawon kogunan Turai da sunayen sarakunansu. An koya mana yadda ake ɗaure karaya da yadda ake kashe wutar da ta kama rufi. Ba malami ɗaya da ya taɓa cewa, ku 'ya'yan ɗakin jinka, in kun shiga ɗakin kwano da siminti, wutar da kuka sani ba ita ba ce. Wannan haushin bai bar ni ba har yau.

Kwana biyu bai san inda yake ba. A na uku ya buɗe ido ya ce, "Inna." Ta faɗi ta yi sujada a kan simintin asibiti. Mako na biyar da na shida sai hamdala. Ya ci, ya tashi, ya yi tafiya a baranda yana dafa ni. Na sayar da kekena muka sayi magani da madara da ƙwai. Nas ɗin nan mai faɗa takan kawo masa farfesu daga gidanta ta ce kada mu kuskura mu faɗa wa kowa. Ya tambayi littattafansa, ya ce in roƙa masa a jinkirta zuwa duba koyarwarsa. Abin da ya faru a ɗakin bai tuna ba, daga isowar Inna komai ya goge. Na yi murna da haka, Allah ya yafe min. Likitan kaɗai ne bai saki fuska ba. Ya ce mu jira tukuna, wani lokaci gubar kan yi kamar ta tafi sannan ta dawo ta kan ƙwaƙwalwa.

A mako na bakwai, ana shirin sallamarmu, na miƙa masa riga ya riƙe yana juya ta, bai san ta inda ake sawa ba. Kashegari ya sa cokali a kunne. Tafiyarsa ta koma ƙanana-ƙananan taku, hannu na rawa, fuska ba walwala ba fushi. Ya daina riƙe fitsari. Na zauna da shi wata biyu cur, ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki, ni ke juya shi. Inna na wanki tana dafa abinci a bayan asibiti tare da sauran masu jinya. Tun ranar da nas ta fassara mata maganar likita ba ta ce komai a kai ba, ni ma ban ce ba. Mukan zauna a benci ɗaya mu yi awa ba mu dubi juna ba.

Jikin ya dawo da kaɗan-kaɗan. Ya koma tafiya, ya koma ci da kansa, yana sallah in an tsaya a gabansa yana bi. Kan ne bai dawo ba. Abin da aka faɗa masa yanzu, kafin a sha ruwa ya tafi. Bai ƙara riƙe alli ba. Inna ta tafi da shi gida, ni na koma na ci jarrabawa da abin da ya koya min, na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, har na zama hedimasta.

Don haka ku 'yan makaranta da ke kama ɗaki a Mararaba da sauran wurare, ku ji daga bakin wanda ya gani. Kada ku kwana ko ku wuni da garwashi, ko risho, ko gas a kunne a ɗaki rufe. Kada janareto ya yi aiki a lungu ko baranda kusa da tagarku, ko na wane ne, ku yi faɗan. Taga ta buɗu, ƙofa ta buɗu daga ciki ba tare da neman makulli ba. In ku biyu kuna ciwon kai a ɗaki, kuna warkewa a waje, ku bar ɗakin a ranar, ku gaya wa likita abin da kuke ƙonawa ko bai tambaya ba. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Amma duk maganin da aka ce sai an rufe mutum da wuta, ku ƙi shi, ko wa ya kawo.

Isiyaku ya yi shekara talatin da wani abu a haka. Bayan rasuwar Inna ƙanwarsa ta ɗauke shi. Duk hutu nakan je, in kai masa shadda da sabulu. Ba ya gane ni, amma yana son baƙo, ya yi ta murmushi yana gyara min tabarma. Zuwana na ƙarshe, watanni kaɗan kafin ya rasu, na tarar da shi a inuwar mangwaro, gemu ya yi fari fat. Ƙanwar ta shiga ciki kawo ruwa. Na ga daga ni sai shi, na ga kuma mun tsufa. Sai na faɗa masa. Na faɗa masa komai, tun daga jaridar da na cusa a taga har zoben ƙofar, da yadda aka kira sunana daga ciki, da yadda na tokare ƙafa. Na ce, "Ni ne na riƙe ƙofar. Ina ji ana roƙona, na riƙe."

Ya saurare ni sosai, kansa a karkace, kamar yadda yake sauraron tambaya a aji. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Allah sarki," ya ce. "Wa ke ciki?"

Na ce, "Abokina ne. Sunansa Isiyaku."

Ya jinjina kai, ya kama hannuna ya riƙe da nasa biyu, yana lallashina.

"To, malam, ya fito?"

Na buɗe baki in ce masa e. Har ƙanwarsa ta dawo da ruwan ban iya ba shi amsa ba.